Harafin da Ya Tsallake Layi

"Matso ki gani da idonki, Anti," in ji Dachung, yana juya mata fuskar kwamfutarsa.

Azaratu ta ajiye mukullan mota a kan teburin falo ta sunkuyo. Kalma ɗaya ce a fuskar kwamfutar, ZONGO, da manyan baƙaƙen haruffa masu kauri. Dachung ya ja jan layi a samansu, ya ja wani a ƙasansu.

"Kin ga Z, ya zauna cif tsakanin layukan nan biyu. N ma haka. To dubi O." Ya ƙara girman hoton har harafin ya cika fuskar. "Ya tsallake ta sama, ya tsallake ta ƙasa. G ma ya tsallake. Kuma in kin lura, gefen O ya fi samansa kauri. Da'ira ai ba haka take ba."

"To me ya kawo haka?"

Dachung ya sassauta murya, ya waiga ƙofar ɗakin da mahaifinta yake sallar la'asar. "Hannu ne, Anti. Shekara saba'in da tara ba wasa ba. Hannun Baba ya fara rawa, shi ne bai sani ba."

Shi dai Dachung mutumin kirki ne, kowa a benen nan na garin Annandale zai shaida. Sai dai Allah ya ba shi baki, ya kuma ba shi kwamfuta, haɗin nan kuwa ba ƙaramin hatsari ba ne. Ɗan Jos ne, yana aikin kula da na'urori a wani ofishin inshora, ranakun hutu kuma shi ke tsara wa cocinsu takardun biki da na suna. Tun da aka yaba masa sau biyu a gaban jama'a, ya fara ɗaukar kansa mai zane.

Ƙofarsa na kallon ta Baba Abdul-Samad a hawa na uku. Baba mutumin zangon Kumasi ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana rubuta sunaye a goshin manyan motoci da allunan shaguna, kafin 'yarsa Azaratu da mijinta Baharudeen su ɗauko shi su kawo shi Amurka. Yana da nasa zubin haruffa da ya ƙirƙira tun yana saurayi: gajeru, masu ƙiba, ba ado ba lanƙwasa, kowanne an fitar da shi daga da'ira ko murabba'i ko kusurwa uku. Yakan ce ya yi su ne don fasinjan da ke ƙarshen tasha ya gane motar garinsu kafin ta juya. Duk kwalin hatsin karin kumallo da aka gama da shi a gidan, Baba yakan buɗe shi ya zana harafi a bayansa, ya yanke da 'yar wuƙarsa.

Da Azaratu ta samu shago a Springfield bayan shekaru tana dafa wa mutane tuwo da wake da shinkafa daga gida, ba a ma yi shawarar wanda zai rubuta allon ba. Baba ne. Ya yanka haruffan TUWON ZONGO sababbi fil, ya sa an sayo katako da fenti, yana jiran a shimfiɗa masa leda a falo ya fara. Aikin Dachung ɗaya ne, ya ɗauki hoton haruffan a kwamfuta don a buga su a takardar jerin abinci. Wurin ɗaukar hoton ne ya ja layukansa biyu.

A yi masa adalci, ya yarda da abin da ya faɗa. Amma kuma ya ji daɗin ganowa, daɗin da bai kamata ba. Ya daɗe yana son ya ga aikin hannunsa a saman shago a bakin titi, inda zai rage gudu ya nuna wa matarsa Lizzy da ɗan yatsa.

"In kin yarda," ya ce wa Azaratu, "zan gyara su duka a nan, in kai wa masu buga allo. Haruffan Baba ne dai, gyara kawai zan yi. Shi kuma ya huta."

Sai suka ji ƙarar carbi. Baba yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, farar hula a kansa. Babu wanda ya san tun yaushe yake wurin. Ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙaton O da ke fuskar kwamfutar da jan layi ya ratsa shi sama da ƙasa.

"Dachung, ɗana, ka shigo?" ya ce. "Yaya Lizzy? Yaya aiki?"

"Lafiya lau, Baba. Sannu da hutawa."

"Hutawa kam," in ji Baba. Ya zauna a kujerarsa ta bakin taga.

Washegari Azaratu ta ɗauke gwangwanin Baba. Tsohon gwangwanin biskit ne da ya zo da shi daga Kumasi, a ciki akwai wuƙar yankan kwali, da kamfas na ƙarfe, da buroshi uku, da guntayen fensir. Ba mugunta ta yi ba. Baba yana da ciwon zuciya, yana shan maganin da ke tsinka jini, likita ya ce ko ɗan yanka ne zai iya zama matsala. Mutumin da hannunsa ke rawa kuma, a bar shi da wuƙa? Ta jefa gwangwanin a bayan motarta ta kulle.

Dachung yana jiyo su ta ƙofa da safe lokacin da yake ɗaura takalmi.

"Azaratu, gwangwanina fa?"

"Yana nan, Baba. Ka sha kokonka tukuna."

"Fensir kawai ki ba ni."

"Baba, don Allah ka huta. Ka yi aiki ya isa."

Da ya ba Lizzy labari yana ɗan taƙama, sai ta ajiye cokalin miya ta dube shi. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta ga hannuwan tsofaffi iri-iri.

"Wane hannun ne ke rawa? Shekaranjiya na tarar da Baba yana sa zare a allura, zai ɗinke maɓallin rigarsa. Ko gilashi bai sa ba."

"Ke dai ki tsaya ga asibitinki, Madam. Na auna. Kwamfuta ba ta ƙarya."

"To, mai awo," in ji Lizzy. Ta ci gaba da juya miyarta.

Ya yi gyaransa a cikin mako biyu. Ya matse kowane O ya shigar da shi tsakanin layi, ya mai da shi da'ira tsantsa mai kauri ɗaya ta kowane gefe. Ya datse kan G, ya ɗago gindin U, ya yanke tsinin W da ya leƙa ƙasa, ya ƙara wa sandar kan T kauri ta yi daidai da ƙafarsa. Da ya gama, kowane harafi tsayinsa ɗaya da ɗan'uwansa, ko silin gashi babu bambanci.

Ranar Asabar ta farkon watan Mayu aka buɗe shago. Dachung ne ya ɗauko Baba a motarsa, domin Azaratu tana can tun asuba. Suna shiga filin ajiye motoci, Baba ya taɓa masa gwiwa.

"Tsaya a nan."

"Baba, akwai wuri a bakin ƙofa. Nan da nisa."

"Nan nake so. Allo ba a kusa ake kallonsa ba."

Suka fito suka jingina da mota a can ƙarshen filin, kusa da inda ake tara kekunan sayayya. Allon yana can sama, baƙi a kan ruwan ɗorawa, TUWON ZONGO. Dachung ya ɗaga kai da murmushinsa a shirye. Sai murmushin ya tsaya a hanya.

O ɗin nan uku sun ƙanƙance. Duk ukun. Sun zauna a tsakanin sauran haruffa kamar yaran da aka sa a sahun manya. W ya yi kamar an ɗage shi daga ƙasa, T kuma kansa ya yi nauyi. Sunan yana karantuwa, amma yana ɗingishi. Dachung ya murza ido ya sake dubawa. Yana nan yadda yake.

Baharudeen ya taho yana goge hannu da tawul, ya gaida surukinsa, sannan ya juya ya bi inda suke kallo.

"Ei, Dachung, ko idona ne? Kamar O ɗin nan sun fi sauran ƙanƙanta."

"Tsayinsu ɗaya, wallahi," in ji Dachung da sauri. "Na auna su."

"Ya auna," in ji Baba a hankali, bai sauke ido daga allon ba. "Na san ya auna. Ka yi ƙoƙari, ɗana. Allah ya yi albarka."

Ya ɗora hannunsa a kafaɗar Dachung don su ƙarasa. Tafiyar taku sittin ce zuwa ƙofar shagon, kuma duk tsawonta hannun nan yana kafaɗarsa, busasshe, mai ɗumi, ko motsi ba ya yi.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Dachung ya zazzage kwalayen Baba a kan gado, domin har lokacin suna hannunsa. Ya ɗauko rula, wannan karon ta hannu. O na farko ya wuce layi da kaurin ashana ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. O na biyu, kaurin ashana. Na uku ma haka. G haka, gindin U haka. Ya juya kwalin, sai ga 'yan ɗigon fensir guda biyu a bayan kowane harafi mai zagaye, ɗaya a kan layi, ɗaya ɗan gaba da shi, inda Baba ya sa wa kansa alamar wurin da zai kai. Hannun da ke rawa ba ya kuskure iri ɗaya sau biyar, balle ya sa wa kuskuren alama tun kafin ya yi shi.

A ƙasan tarin akwai wani tsohon hoto da Baba ya taɓa ba shi ya gani, hoton babbar motar katako a tashar Kumasi, wani siririn saurayi yana tsaye a gefenta da buroshi. Dachung ya ɗora rula a kan rubutun goshin motar. O ɗin ya tsallake. Tun kafin a haifi Dachung yake tsallakewa.

Ya zauna a bakin gado, gumi yana tsattsafo masa ga sanyin na'ura. Kunya ce irin wadda ke sa mutum ya ji kayan jikinsa sun yi masa yawa. Lizzy ta leƙo ta ga kwalaye da rula da fuskar mijinta, ba ta ce "na faɗa maka" ba. Da ma ta ce, da ya fi masa sauƙi.

"Ƙofarsu taku uku ce daga nan," ta ce kawai.

Taku ukun nan sai da ya ci masa wata uku. Kullum da dalili. Yau ya makara, gobe Anti ba ta nan, jibi sai ya fara gyara haruffan tukuna don ya je da wani abu a hannu. Ya koma sauka ta matakalar baya, wadda ke fita ta wurin kwandunan shara, don kada ya wuce ƙarƙashin tagar Baba. In zai je Springfield, sai ya bi wata hanya. Babban mutum da gemunsa, yana sanɗa a gidan da yake biyan haya!

Baba kuwa yana zaune a bakin taga. Da can da safe akan ji ƙarar wuƙa a kan kwali ta ƙofarsa, ƙirit, ƙirit, yanzu sai muryar talabijin. A watan Yuli aka kwantar da shi a asibiti kwana tara. Da aka sallamo shi, an haɗo shi da tukunyar iska da siririn bututu a hanci, aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo. Lizzy ta san ma'anar wannan gadon. Wata ranar Talata da yamma ta tare Dachung a bakin ƙofa tun bai cire takalmi ba.

"Yau za ka shiga. Ba na jin zai kai ƙarshen wata."

Ya shiga. Azaratu tana kicin, ana jin ƙamshin kanumfari da citta. Baba ya rame, hular ta yi masa yawa, amma idonsa yana nan tar.

"A'a, baƙon Jos! Na ce ko ka koma gida ba sallama."

"Aiki ne, Baba. Yaya jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Zauna."

Dachung ya ja kujera. Ya shirya magana mai tsawo a mota, da farko da tsakiya da ƙarshe. Duk ta gudu.

"Baba, O ɗin nan..." ya ce.

"Ka gani ke nan."

"Na gani, Baba. Na ga ɗigon da ka sa a baya."

Baba ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa, ya ɗaga hannu ya zana layi a iska. "Z yana kwanciya a kan layi da jikinsa duka. Shi kuwa O, wuri ɗaya tak yake taɓa layi. Ido sai ya ga kamar bai kai ba. To sai ka ƙara masa kaɗan, ya wuce, sannan ido ya ce sun yi daidai. Sandar kwance ma, ido yana ƙara mata ƙiba, sai ka rage mata. Maigidana da ya koya mini aiki, sai ya sa in jingina allo a bango in ja baya taku ashirin. In na ce na auna, ya ce fasinja da rula yake zuwa tasha?"

"Me ya sa ba ka faɗa ba ranar, Baba? Ka ji duk abin da na ce."

"Na ji." Ya gyara bututun hancinsa. "Ka nuna mata a kwamfuta, da jan layi. Ni kuma tsoho ne. Tsoho ya ce hannunsa lafiya lau, wa zai yarda? Duk tsofaffi haka suke cewa. Kuma kai maƙwabci ne, ka shigo gidana da niyyar taimako. In tsinka ka a gaban mace?"

Dachung ya sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige ya ja ta ya rufe.

"Ka yafe mini, Baba."

"Wannan ya wuce tuntuni. Allo kuma katako ne." Baba ya dubi ƙofar kicin, ya rage murya. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Azaratu. Tun tana ƙarama take zama a gefena tana riƙe mini gwangwanin fenti. Duk zango ta bi tana cewa babu mai hannun babanta. Yanzu in na ɗauki kofi sai ta tallafo gindinsa." Ya miƙa hannun dama a tsakaninsu, ya buɗe yatsu. Hannun ya tsaya cak a iska. "Daga bakina ba za ta ji ba. Daga naka ne za ta ji."

"Zan faɗa mata, Baba. Yau ɗin nan."

Sai ga Azaratu da tire. Ta rame ita ma, idanunta sun faɗa.

"Dachung! Kai ne yau a gidanmu? Allah ya yi maka albarka, ka kyauta. Ka san mutane suna ta yaba allon nan? Jiya wata mata ta ce in ba ta lambarka." Ta zuba koko a kofi ta miƙa wa mahaifinta, ta sa tafin hannunta a ƙarƙashin kofin. "A hankali, Baba, kar ya zube."

Baba ya dubi Dachung ta saman kofin.

Ga wuri, ga lokaci, ga mutanen nan biyu a gabansa. Dachung ya buɗe baki. Ya ga gajiyar da ke fuskarta, ya ji yabon da ta gama yi masa yanzun nan yana zaune a kunnensa, ya ce a ransa ba yanzu ba, ba tana cikin wannan hali ba, gobe zai zo da kwalayen da rula ya nuna mata a tsanake.

"Na gode, Anti," ya ce. "Bari in je, sai da safe."

Baba ya sauke ido a kan kokonsa. "Sai da safe, ɗana. Ka gaida Lizzy."

Da safen, wajen ƙarfe bakwai, Dachung yana tsaye a falonsa da kwalayen a cikin leda, yana jiran ya ji motsi a gidan don ya ƙwanƙwasa. Motsin da ya ji shi ne muryar Baharudeen yana salati da ƙarfi, sannan kukan Azaratu. Lizzy ta fita da gudu ba takalmi. Shi kuwa ya tsaya inda yake da leda a hannu, har sai da ta dawo ta gyaɗa masa kai.

An yi jana'iza washegari bayan azahar. Dachung ya bi su har maƙabartar Musulmi da ke can wajen gari, ya tsaya a baya lokacin da suka yi sahu. Da aka fara zuba ƙasa, Baharudeen ya miƙa masa shebur, ya ce ai kai ma ɗansa ne. Ya karɓa ya zuba sau uku. Bai taɓa ɗaukar abu mai nauyin wannan shebur ba.

Ranar addu'ar uku gidan ya cika. An bar ƙofa a buɗe, takalman masu gaisuwa sun yi layi a barandar bene har kusa da ƙofar Dachung. Mutanen Kumasi da na Accra sun zo daga garin Bowie da ko'ina, maza a falo, mata sun cika kicin da ɗaki har sun malalo. Bayan an shafa, aka shiga hirar mamaci. Wani dattijo mai suna Alhaji Abdul-Kabir, wanda ya yi tuƙin babbar mota a Kumasi, ya ce Baba ne ya rubuta masa motarsa ta farko, kuma har ta tsufa ta mutu rubutun bai dushe ba.

"Hannu ne da shi," in ji Alhajin. "Ba a sake yin irinsa ba."

"Da shi kam," in ji Azaratu daga bakin ƙofar kicin, muryarta a dashe. "Ai tun da hannun ya fara rawa ne jikin ya tafi. Allon shagona ma bai iya ba, sai Dachung ne ya rufa mana asiri ya gyara."

Kawuna suka juyo wajensa, ana gyaɗawa, ana sa masa albarka. Lizzy tana cikin mata, ba ta dube shi ba.

Dachung ya miƙe.

"Anti, ba haka ba ne." Ya juya wajen ƙofar kicin. "Hannun Baba bai taɓa rawa ba. Ni ne ban san aikin ba. Abin da na nuna miki na ce kuskure ne, da gangan yake yinsa, haka ake yi. Ni na ɓata allon. Na gane tun watan Mayu, na yi shiru. Ranar Talata ya roƙe ni in faɗa miki, na ce masa to. Kika shigo da koko, na kasa."

Azaratu ta dube shi kamar da wani yare ya yi magana.

"Ya roƙe ka?"

"Ya roƙe ni, Anti."

Ta juya ta ɗauki mukullan motarta a kan firji ta fita, ta tsallake takalma ta sauka. Baharudeen ya yunƙura zai bi ta, Alhaji Abdul-Kabir ya riƙe masa hannu. Ba a jima ba ta dawo rungume da gwangwanin biskit. Ta tsaya a baranda, ba ta shigo ba.

"Wata huɗu yana tambayata wannan," ta ce. "Kullum da safe. Fensir kawai, Azaratu. Ni kuma ina ce masa ya sha koko." Hawaye yana zuba, ba ta share ba. "Kai ka san abin da ka sa na yi wa ubana?"

"Na sani, Anti."

"Ba ka sani ba." Ta ja numfashi. "Nuna mini. Ba a kwamfuta ba."

Ya shiga gidansa ya ɗauko ledar, tana nan bayan ƙofa inda ya ajiye ta tun safiyar Laraba. Ya tafi can ƙarshen baranda, inda bango yake fari, ya durƙusa ya fara jingina haruffan ɗaya bayan ɗaya a gindin bangon. Z, sannan O, sannan N. Bayansu hoton hatsi ne da madara, gabansu Baba ya shafe da baƙin fenti tun kafin a ɗauke masa buroshi. O na ƙarshe ya ƙi tsayawa, yana ta mirginawa gefe, sai Dachung ya dafe shi da ɗan yatsa.

"Ki ja baya, Anti," ya ce, bai ɗago ba. "Taku ashirin. Haka ya ce ake kallo."

Ya ji takunta yana nisa a kan kafet, a hankali, tana ture takalman mutane da ƙafa. Mutanen falo sun fito sun tsaya a bakin ƙofa. Takun ya tsaya.

Daga inda take, haruffa biyar ɗin sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, babu babba babu ƙarami. Ta daɗe a wurin. Sannan aka ji ƙarar murfin gwangwani ya buɗe, da 'yar ƙarar fensira suna gogar juna a ciki.

Dachung yana durƙushe a gindin bango, gwiwarsa ta fara sagewa, yatsansa a kan O. Bai saki ba.